Wa Ya Rubuta, Yaushe, A Wane Ɗaki Ya Kwana? Amsa Ga Mai Shirin Hutu A Jirgin Ruwa

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji a Mabera, ɗan kasuwa, wanda ke son kai uwargida da yaransu uku hutun ƙarshen shekara a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Ya ce: "Na duba jirage biyu a intanet. Guda an ba shi tauraro huɗu da rabi, gudan uku da rabi, kuma mutane sun zage shi tas. Sa'annan akwai wani kamfanin shirya tafiya da munka gani a Instagram, kowa na yabonsu. Shin in bi abin da mutanen ga sunka rubuta, ko kuwa duk shirme na?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Ba shirme ba ne, ka karanta, amma kada ka tsaya ƙirga taurari. Sharhin fasinjoji yana da amfani wajen sanin abin da ido ke gani a cikin jirgi: tsafta, cunkoso, hayaniya, layi, da yadda ake tatsar kuɗi bayan an shiga. Amma abubuwan da za su iya hana ka shiga jirgin gaba ɗaya, ko su hana iyalinka cin abinci da natsuwa, ba za ka same su a can ba. Waɗanda suka rubuta yawancinsu ba irin fasfonka suke riƙe da shi ba, ba cimarka suke ci ba, kuma abin da ya kai su ba shi zai kai ka ba. Sana'ata yankan tikiti da shirya wa mutane tafiya, galibi Umara da fatauci, amma 'yan shekarun nan masu tambayar hutun jirgin ruwa sun ƙaru, har karatun irin wannan sharhi ya shiga cikin aikina na yau da kullum.

A garin nan ba sai an koya wa kowa yadda ake tantance labari ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji abin da malaman hadisi ke dubawa kafin su karɓi ruwaya: wa ya faɗa, gani ya yi ko ji, mai riƙo ne ko mai mantuwa, kuma akwai wanda ya kawo irin labarin ta wata hanya da ba ta haɗu da tasa ba? Ba ina daidaita surutun 'yan yawon buɗe ido da wancan ilimi mai daraja ba ne, hanyar kawai nake aro. Taurarin da ka gani a saman shafi ruwaya ce da aka yanke mata isnadi. An haɗa maganar mai gaskiya da ta maƙaryaci, ta bana da ta shekara takwas baya, ta wanda ya kwana a ɗakin alfarma da ta wanda ya kwana a saman inji, aka cakuɗa aka ba ka lamba guda. Tazarar tauraro ɗaya tsakanin jiragenka biyu ba ta isa hujja ba sai ka buɗe ka ga su wa ke ciki.

Maƙaryata su mutane suka fi tsoro, kuma akwai su. Kamfanin Tripadvisor, mai babban shafin da matafiya ke rubuta sharhi, da kansa ya bayyana cewa a 2022 ya gano sharhin bogi kimanin miliyan 1.3 cikin sama da miliyan 30 da aka tura masa, a 2024 kuma adadin ya kai miliyan 2.7. Waɗanda aka kama ke nan. A 2017 wani ɗan jarida a Landan mai suna Oobah Butler ya sa 'yar bukkar katakon da yake zaune a ciki a shafin da sunan gidan abinci, abokansa suka yi ta zuba mata yabo, har ta zama ta ɗaya a duk birnin alhali ba a taɓa sayar wa kowa ko loma guda a can ba. A 2018 wata kotu a Lecce ta Italiya ta yanke wa wani mutum ɗaurin wata tara saboda sayar wa otal-otal da gidajen abinci sharhin ƙarya. Hukumar kare masu saye ta Amurka ta haramta wannan ciniki a 2024, Birtaniya ma dokarta ta fara aiki a 2025. Ba a kafa doka a kan abin da babu shi.

Sai dai ka lura da inda ƙaryar ke taruwa. Babban kamfanin jirgi mai sauke dubban mutane kowane mako ba ya buƙatar sayen yabo ɗari biyu, ko ya saya ma ba za su motsa ma'auninsa ba. Wanda yabon bogi ke yi wa rana shi ne ƙaramin ɗan kasuwa: ejan da zai karɓi kuɗinka, mai motar da zai zaga da ku gari idan jirgi ya tsaya, otal ɗin da za ku kwana kafin shiga jirgi. Saboda haka a cikin abubuwa uku da ka ambata, kamfanin Instagram ɗin nan shi ya fi cancantar ka zuba masa ido. Mai shafi yana da ikon goge duk maganar da ba ta yi masa daɗi ba, ya bar "Masha Allah, kun cika alkawari" guda ɗari uku. Hoton hirar WhatsApp da ake liƙawa a matsayin shaida kuwa, yaro mai waya biyu zai haɗa maka goma kafin shayi ya huce. Yabo a wurin da mai kaya ke riƙe da tsintsiya ba shaida ba ne. Abin da za ka nema a wurinsu takarda ce: rajistarsu da hukumar CAC, ko suna cikin ƙungiyar NANTA ta masu shirya tafiye-tafiye ko suna da lambar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, da ofishin da ƙafa za ta iya takawa. Kuɗi kuma a asusun kamfani, ba na wani mutum ba. Da zarar ka ba da kafin alƙalami, su ba ka lambar kama gurbi ta kamfanin jirgin kansa, ka shiga shafin kamfanin ko manhajarsa ka sa lambar da sunanka. In ka ga sunayenku biyar da lambar ɗaki da ranar tashi, an yi. In aka fara ce maka "sai an kammala biya lambar ke fitowa", to ka riƙe sauran kuɗinka.

Amma babbar matsalar sharhin jirgin ruwa ba maƙaryata ba ne, masu gaskiyar ne. Jirgi irin Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja wajen 7,600 a tafiya guda. Waɗanda ba su kai shi ba ma dubu uku zuwa biyar suke kwasa. Cikin wannan taro, nawa ne ke komawa gida su zauna su rubuta? 'Yan ƙalilan, kuma galibi iri biyu ne, wanda daɗi ya kwashe da wanda ransa ya ɓaci. Wanda ya ci ya sha ya yi barcinsa ya sauka ba yabo ba fallasa shi ne mafi yawa, kuma shi ne ba ka jin muryarsa. Shi ya sa mai tauraro biyar da mai tauraro ɗaya ba su cika tsayar da ni ba. Na uku da na huɗu nake bi, don a nan ake samun mutumin da ya ce wannan ya yi, wancan bai yi ba.

Shafin da aka rubuta a kai ma yana da nasa hali. Trustpilot wurin da mutum ke zuwa ne bayan ya yi rigima da kamfani kan mayar da kuɗi, shi ya sa za ka ga kamfanonin jiragen ruwa da yawa sun sha ƙasa a can. Cruise Critic, wanda aka kafa a 1995 kuma Tripadvisor ya saye shi a 2007, matattarar tsofaffin hannu ce, masu kwatanta jirgin bana da jirage ashirin da suka hau a baya, suna kukan an rage kaza an daina kaza. Kai da ba ka ga na da ba, rashin ba zai dame ka ba. Ka kuma sani shafin da tallan kamfanonin jiragen yake ci. Sannan akwai bambancin al'ada. Kamfanonin Turai irin MSC da Costa suna shan suka daga Amurkawa saboda ana yin sanarwa da harsuna biyar ko shida, abincin dare na ɗaukar lokaci, ma'aikata ba sa yawan washe baki, kuma a wasu tafiye-tafiyen ruwan kwalba ma sai an biya. Sau da yawa daga nan tazarar tauraro ɗaya ke fitowa, ba daga ƙazanta ko lalacewar jirgi ba.

Ga irin sharhin da ke da daraja a wurina. Mace ta rubuta cewa sun shiga a watan Disamba su biyar, ɗakinsu yana hawa na goma sha huɗu daidai ƙarƙashin wurin ninƙaya, tun biyar da rabi na asuba ma'aikata ke jan kujeru a samansu. Wurin cin abinci na ɗebi-da-kanka ba a samun kujera daga takwas da rabi zuwa tara da rabi, amma da ƙarfe bakwai wayam yake. Ranar sauka sun yi awa biyu a layi. Ta ba da wata, ta ba da hawa, ta ba da lokaci. Kana iya buɗe taswirar benayen jirgin a shafin kamfanin ka ga lallai wurin ninƙaya na saman hawa na goma sha huɗu. Ita tauraro biyu ta bayar. Kai kuma da ke tashi sallar Asuba, jan kujera da biyar da rabi ba zai tashe ka ba don ka riga ka tashi, karin kumallo da bakwai kuma shi ne daidai da ku. Bayaninta ya amfane ka, hukuncinta bai shafe ka ba. Yanzu ka ajiye shi kusa da na wanda ya rubuta "tafiya mafi muni a rayuwata, abinci ba daɗi, kada ku kuskura". Babu inda za ka kama a ciki. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila da matarsa suka yi faɗa.

In kuwa mutum biyar da ba su san juna ba, a watanni dabam-dabam cikin shekarar nan, suka ce bandakunan wani hawa na toshewa, ko na'urar sanyaya ɗaki ba ta kai wa ɗakunan baya, to wannan ya zo ta hanyoyi da yawa, ka karɓa.

Maganar ɗaki tana da nauyi fiye da yadda sabon shiga ke zato, domin mutum biyu na iya hawa jirgi ɗaya a mako ɗaya su yi tafiya iri biyu. Akwai ɗakin ciki marar taga ko kaɗan, wanda in ka kashe fitila ba ka sanin dare ko rana. Akwai mai tagar da ba ta buɗewa, akwai mai baranda, akwai kuma ɗakunan alfarma da a wasu jiragen ke da nasu wurin cin abinci da nasu wurin hutawa a killace, kamar sashen Yacht Club na MSC. Wanda ya kwana a can ya ce bai ga cunkoso ba, gaskiyarsa, amma ba jirginka ya hau ba. Ku biyar ne, kuma yawancin ɗakuna ba su wuce mutum huɗu, don haka ko dai ɗakin iyali, waɗanda ba su da yawa kuma suna saurin ƙarewa, ko ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani. Ku da ruwanku bai wuce Gulbin Rima da madatsar Goronyo ba, ku nemi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne tangaɗi ya fi sauƙi. Mai kukan jiri da amai, duba ka gani, sau da yawa a goshin jirgi can sama aka sa shi.

Kwanan wata kuma kada ka tsallake shi. Jiragen nan sun tsaya cak a Maris ɗin 2020 saboda korona, da suka dawo a 2021 rabin fasinja ko ƙasa da haka suke ɗauka. Duk sharhin wancan lokaci mai cewa "ba layi, ba turereniya" labarin wata duniya ce da ta wuce. Haka masu kukan rashin ƙarfin intanet kafin 2022, domin daga shekarar ne manyan kamfanoni suka fara komawa Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam mai sauri. Ana shigar da jirgi garambawul lokaci-lokaci a sauya darduma da katifu, ma'aikata kuma kwantiragin watanni suke yi su tafi, har shugaban masu girki yana canzawa. Abin da ya wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka karanta shi a matsayin tarihi. Sannan ka nemi na watan da za ka yi tafiya. Wanda ya zaga tekun Bahar Rum a Yuli yana yabon rana da wanka, kai a Disamba sanyi da iska za ka tarar, rana ta faɗi da wuri, yara ba za su shiga ruwan waje ba. Disamba lokacin yankin Dubai da Abu Dhabi da Doha ne, da Bahar Maliya daga Jidda, da kuma Durban a Afirka ta Kudu inda lokacin zafinsu ke nan.

Akwai koke-koken da nake wucewa ba tare da na tsaya ba. Masu fushin an tara su atisayen ceto kafin jirgi ya tashi, wannan doka ce da aka tsaurara bayan Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Giglio a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Masu fushin kyaftin ya tsallake wata tasha, su ma ba laifin jirgin suke faɗa ba. Yarjejeniyar da ke bayan tikiti ta ba shi wannan iko in iska ta tashi ko tsaro ya taɓarɓare, kamar yadda kamfanoni da yawa suka kauce wa Bahar Maliya a 2024 saboda hare-haren 'yan Houthi. Darasin da ke cikin irin wannan kuka ɗaya ne: wuraren da jirgi ba ya iya raɓar gaɓa sai an kwashi mutane a ƙananan jirage, irin tsibiran Mozambik da ake zuwa daga Durban, su aka fi sokewa in teku ta yi fushi. In don wuri guda kawai za ka biya kuɗin tafiyar, ka sake tunani.

Yanzu ga inda sharhi ke yin shiru, kuma nan ne na fi son ka ba ni hankalinka.

Abinci. Za ka ga wani ya rubuta "akwai halal", shi ke nan. Wannan kalma a jirgi na iya nufin nama ne da aka yanka bisa shari'a aka sayo musamman, tana kuma iya nufin kifi da ganye kawai za a ba ka mako guda. A yawancin jiragen Turai da Amurka sai ka cike takardar buƙata ta musamman makonni kafin tafiya, kuma ba kowane kamfani ke yin alkawari ba. Ka sa ejanka ya samo maka amsa a rubuce daga kamfanin jirgin, da sunan jirgin da ranar tafiyar, ba maganar baki ba. In an shiga, daren farko ka nemi shugaban masu hidimar teburi ka gabatar da kanka. Al'adarsu ga masu buƙata ta musamman ita ce a kawo maka jerin abincin gobe tun yau, ka zaɓa a dafa naka dabam. A wurin ɗebi-da-kanka kuwa sai an sa ido, domin cokalin da wani ya ɗebi naman alade da shi yana iya komawa cikin tiren ƙwai, miya da yawa da giya ake haɗa su, wasu kayan zaƙin kuma akwai sinadarin da ake samowa daga ƙashi da fatar dabba. Bature mai ba da tauraro biyar kan abinci bai duba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Har ma abin da ya kira aibi yana iya zama abin da kake nema. Kamfanin AROYA na Saudiyya, wanda ya fara jigila daga Jidda a Disambar 2024, jirginsa babu giya, babu gidan caca, abincinsa halal ne, akwai wuraren salla. Wanda ya saba da kwalba zai rage masa tauraro saboda haka. Akasin haka, in ka ga ana yabon jirgi da cewa "ba a barci, casu har asuba", kai gargaɗi aka yi maka. Gajerun tafiye-tafiye na kwana uku a ƙarshen mako su suka fi tara 'yan casu, na kwana bakwai lokacin hutun makaranta sun fi cika da iyalai. Uwargida ta san tun daga gida cewa benen sama wajen ruwa mutane kusan tsirara suke kwanciya, kuma a jirage da yawa gidan caca a tsakiyar hanya yake tsakanin ɗakin cin abinci da zauren wasanni. Ana iya kauce masa ta wani hawa, amma sai an san da shi.

Salla a ɗaki za ku yi, don ba kasafai ake samun masallaci a jiragen Yamma ba. Filin da ke tsakanin gado da kujera yana ɗaukar darduma ɗaya, sai a bi layi. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, kamfas ɗin waya kuma ƙarfen jirgi na rikita shi, amma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba, da ita ake kintata. Hukuncin ƙasaru da sallar cikin jirgi ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Bandaki irin na jirgin sama ne mai zuƙa, ƙanƙane, babu tiyon tsarki, don haka buta ta roba ta shiga akwati kafin takalmi. Ban taɓa ganin sharhin da ya ambaci buta ba.

Sai biza, wadda ita ce ke raba mutum da kuɗinsa gaba ɗaya. Ba'amurke ko ɗan Ingila zai rubuta "shiga ba wuya, minti goma muka yi", don fasfonsa na buɗe kusan kowace ƙofa a hanyar. Mai koren fasfo dole ya bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya ya ga abin da kowace ƙasa ke nema, ko da bai yi niyyar sauka daga jirgi ba. Tafiyar Bahar Rum tana buƙatar bizar Shengen ta yankin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun Yunin 2024, ban da na ofishin karɓar takardu. In jirgin zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya ko Montenegro, ya fita daga yankin ke nan, dawowarsa shiga ta biyu ce, saboda haka biza mai shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, kuma ƙasar da aka leƙa na iya neman tata. Haka tafiyar da ke tashi daga Dubai ta je Doha ko Maskat ta dawo. Ka tuna Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, sai Yulin 2024 aka buɗe, ma'ana ƙa'idar bara ba lallai ita ce ta bana ba. Afirka ta Kudu na neman katin rigakafin shawara daga duk wanda ya fito Najeriya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan dawowa, na yara ma haka. In takarda ɗaya ta gaza, a bakin tasha za a mayar da ku, kuma yarjejeniyar ta ce nauyin takardu a kan fasinja yake, ba a mayar da ko kwabo. Don haka ka nemi tikitin da ake iya sokewa, ka san ranar ƙarshe ta sokewa ba tare da asara ba, ka daidaita ta da lokacin fitowar biza. Wani abu kuma da iyalai ke mantawa: yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyu da ta shiga mako na 24, da yawa kuma ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba.

Wajen kuɗi sharhi yana taimakawa, in ka san abin da kake nema. Farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin biyu a ɗaki. A kansa akwai harajin tasha, akwai kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, wanda a kamfanonin Amurka yake kaiwa dala 16 zuwa 20, na Turai kuma wajen yuro 12, wasunsu na rage wa yara. Ka lissafa da dala 18: ku biyar, dare bakwai, dala 630 ke nan da ba ta cikin tallan. Lemo, intanet, yawon gari a kowace tasha, hoto, duk dabam. Likitan jirgi da kuɗi yake gani, kuma da tsada, shi ya sa inshorar tafiya ba ado ba ce. Rabin gardamar da za ka gani a sharhi kan kuɗin giya ne, ka tsallake, amma ka duba kada a sayar maka da tikitin "komai a ciki" wanda giyar da ba za ka sha ba ce ta kumbura shi. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗakinka shi ne makulli shi ne walat, ana haɗa shi da katin banki ko ka ajiye dala ko yuro a kanta. Ka tambayi bankinka iyakar katinka a waje kafin ka tashi, ka kuma toshe damar saye a katunan yara. Wayoyi duka a sa su yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, don layin da waya ke kamawa a tsakiyar teku na tauraron ɗan Adam ne, kuɗinsa ba na wasa ba.

Tsafta da ƙarfin aljihun kamfani su ma ba a gane su daga taurari. Jiragen da ke shiga tashoshin Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, tana yi musu binciken ba-zata sau biyu a shekara, ta ba da maki cikin 100, wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi, kuma sakamakon a buɗe yake ga kowa a shafinta. Wannan ya fi maganar fasinja ɗari, domin sufeto kicin da tankin ruwa yake shiga, fasinja kuwa teburi kawai ya gani. Kamfanin Crystal yana cikin waɗanda suka fi shan yabo a duniya, amma a Janairun 2022 uwar kamfanin, Genting Hong Kong, ta durƙushe, jirginsu Crystal Symphony ya karkata zuwa Bahamas da fasinjoji a ciki don gudun a kama shi a Miami kan bashin mai. Daga baya wasu sun sayi sunan sun farfaɗo da shi, amma waɗanda suka biya kuɗin tafiya tun da wuri sun sha jira. Masu bidiyo a YouTube da TikTok kuma, da yawansu kyauta aka kai su, a ɗaki mafi kyau. Ka kashe sautin ka kalli hoton, zai nuna maka girman ɗaki da faɗin bandaki, wannan kam kyamara ba ta cika ƙarya a kansa ba.

Game da jiragenka biyu, ka ɗauki sharhi kamar ashirin-ashirin na watanni goma sha biyun da suka wuce, ka fifita na iyalai masu yara da na watan Disamba, ka rubuta abin da ya maimaitu kawai. Sannan ka shiga zauren Facebook na kowane jirgi, kusan kowanne yana da shi, ka yi tambayarka kai tsaye: akwai Musulmin da ya hau kwanan nan, me aka ba shi ya ci? Amsar mutum biyu a nan ta fi maka dubun taurari. Mai uku da rabin yana iya fitowa shi ne naku, in hanyarsa biza ɗaya take nema kuma kicin ɗinsa ya amsa a rubuce.

Abu na ƙarshe daga nan gida yake. Disamba hunturu ne, kuma ka san yadda hazo ke rufe filin jirgin Sultan Abubakar III har a ɗage tashi ko a soke. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda ya makara, kuma in kai ka yanki tikitin jirgin samanka dabam, asarar taka ce. Ku bar Sakkwato zuwa Abuja ko Legas da ratar kwana biyu kafin jirginku na waje, ku kuma isa garin da jirgin ruwan zai tashi aƙalla kwana ɗaya kafin ranar, ku kwana a otal kusa da tasha. Ka sa kuɗin waɗannan kwanaki cikin lissafi tun yanzu, kuma bizar ta fara aiki daga ranar saukarku, ba ranar tashin jirgin ruwa ba.